Ranar Aske Gemu

Shekara ashirin da bakwai Marva Tillery ta yi tana raba wa mutane ranaku, kuma a duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa rubuta kwanan wata da biro ba. Da fensir take rubutawa, don ta san halin gidan da take aiki. Aikinta a sutudiyon da ke bayan garin Atlanta shi ne tsara jadawalin ɗaukar fim: wace fitowa za a ɗauka ran Litinin, wacce za ta jira Alhamis, wa za a kira da sassafe, wa zai zauna gida. Ko da yake yanzu komai a kwamfuta ake yi, ta ƙi rabuwa da allonta na katako da ke jingine a bangon ofis, inda kowace fitowa take da siririn kwalinta. In an ce rana ta tashi, sai ta zare kwali ta soke shi a wani wurin, shi ke nan makon mutum ɗari uku ya juya.

Fim ɗin da ke hannunsu a bana shi ne na shida a jerin finafinan Ƙahon Tagulla, jarumin nan mai tashi sama da kwalkwali mai ƙaho ɗaya, wanda ya ceci duniya har sau biyar amma duniyar ta ƙi zama lafiya. Ba shi kaɗai ba ne. Yana da abokai, kowanne da nasa fim, labaransu duk a sarƙe, wannan ya leƙa gidan wancan, wancan ya mutu a nan ya tashi a can. Manya a Los Angeles su ke yanke ranar da kowane fim zai fito, shekara huɗu kafin a rubuta ko layi ɗaya na labarinsa. Yawancinsu Marva ba ta taɓa haɗuwa da su ido da ido ba. A talabijin ɗin ɗakin taro take ganin fuskokinsu, suna kurɓar wani koren ruwa a kwalba suna cewa ai ƙaramin canji ne.

Cikin kwalaye ɗari da arba'in da ke allon, babu wanda ya kai na fitowa ta 88 ba ta ciwon kai. A labarin, jarumi ya shafe rabin fim yana gudun duniya, gemu ya cika masa fuska, sai ya dawo unguwarsu ya zauna a kujerar tsohon mai askinsa. Tsohon yana aske shi yana magana, shafi huɗu cur, yana gaya masa cewa tun ranar farko ya san ko shi wane ne, kuma shi ma ya taɓa guduwa ya bar mutanen da ke bukatarsa. Darakta ya rantse gemun gaske za a aske, da askar gaske, kyamara na tafiya ba yankewa. Gemu kuwa sau ɗaya ake aske shi. Saboda haka dole duk fitowar da jarumi ke da gemu ta riga 88, duk wadda fuskarsa take fes ta biyo baya.

Cornelius Bledsoe ne mai askin. Shekararsa saba'in da huɗu, kuma in aka haɗa duk abin da ya faɗa a finafinai biyar na baya, layi goma sha ɗaya ne, rabinsu "Zauna, ɗana" ne da "Wa ke biye?" Kafin nan ya yi shekara arba'in a ƙananan gidajen wasa da tallan katifa da na maganin ciwon baya. Amma yana da murya. In ya ce ina kwana a bakin ƙofa, har ma'aikatan wuta da ke can saman rufi sai sun leƙo.

Wata Talata a farkon Maris ya shigo ofishinta da jakar takarda da maiƙo ya huda, ya mayar da ƙofa ya rufe. Babu mai rufe ƙofar nan.

"Mis Marva, cin hanci na kawo. Kaza ce da biskit, da zafinsu."

"Ajiye nan, Mista Bledsoe. In wurin ajiye mota kake nema kusa da ƙofa, ka makara, na sayar wa masu kwalliya."

Ya yi dariya, dariyar ta zarce ta zama tari. Ya zauna ya jira ya lafa.

"Yaushe ce ranata?"

"Sha ɗaya ga Afrilu, Juma'a. Ai an aika maka."

"An aika. Ni daga bakinki nake so in ji."

Sai ya gaya mata. Ciwon daji ne a maƙogwaro. A Janairu likitan inshorar fim ya duba shi ya ce lafiya ƙalau, a Fabrairu nasa likitan ya zura kyamara ya ga abin da ya gani. Za a yi masa aiki a cire wurin gaba ɗaya, kuma daga ranar ba zai ƙara magana da muryarsa ba. Likitan yana so a yi kafin ƙarshen Maris.

"Na ce masa ya yi haƙuri, ina da aski."

Marva ta ture jakar kazar gefe.

"Kana cikin hankalinka kuwa? Ka je a yi maka aikin nan. Fim ne fa. Fim ɗin mutum mai ƙaho a ka."

"Shekara hamsin ina cewa ga kofinka yallaɓai, ga hularka yallaɓai. Shafi huɗu, ƙanwata. Ba wanda ya taɓa ba ni shafi huɗu."

"To bari in gaya wa Garrett, a san yadda za a yi."

Garrett Lindqvist shi ne furodusa. Bledsoe ya girgiza kai tun kafin ta rufe baki.

"In Garrett ya ji, inshora ta ji. In inshora ta ji, jibi wani tsohon ne tsaye a shagona. Tsofaffi irina masu furfura ba su ƙare a Atlanta ba, kin fi ni sani. Abu ɗaya nake so. In sha ɗaya ga Afrilu ta tabbata, in ce wa likita sha huɗu. Mako biyu ne kawai za su ƙaru. Ta tabbata?"

Amsar da ta dace ta san ta, ta faɗa wa mutane sau dubu: babu ranar da ta tabbata a gidan nan sai wadda ta wuce. Amma ta juya ta kalli allon. Wata biyu ta yi tana gina shi, kuma ba ta taɓa gina mai kyansa ba. Duk fitowar gemu a cikin ɗaki take, ruwan sama ba zai taɓa su ba, ta bar kwana biyu na ko-ta-kwana, jarumi ba shi da wani aiki a ko'ina har Yuli. Ta duba ta sake dubawa ba ta ga ƙofar da matsala za ta shigo ba. Girman kai ne, ba wani abu ba, irin na wanda ya daɗe yana yin abu daidai. Da ya miƙo mata bironsa yana murmushi, sai ta karɓa ta rubuta masa ranar a bayan katinta, har da sa hannu.

Mako uku komai ya tafi yadda ta tsara. Ran biyu ga Afrilu aka kira taro.

Misis Vandermeer ce a talabijin, ɗaya daga cikin manyan Los Angeles, rana na haska tagar bayanta. Ta ce wani kamfani ya dasa nasa babban fim a makon da suka ware wa Ƙahon Tagulla na shida, kuma ba za su yi karo da shi ba. Saboda haka an yi musanya. Fim ɗin abokinsa, Inuwa Biyu, wanda da can shi ne zai biyo baya, shi ne zai fara fita. Ƙaramin canji ne.

"Sai dai abu guda," in ji ta. "Tun da Inuwa Biyu ya dawo gaba, in Ƙaho ya leƙa cikinsa, yana nan cikin gudun duniya ke nan. Da gemu. Muna bukatar Ryder a Landan mako huɗu, daga sha huɗu ga wata. Kada wanda ya taɓa fuskar nan."

Ryder Castellan shi ne jarumin. A ka'ida Marva ba ta magana a irin wannan taro sai an tambaye ta, amma ranar ta yi.

"A aske shi ran sha ɗaya, a manna masa na roba a Landan."

Garrett ya waiwayo ya dube ta.

"Gam yana sa masa ƙuraje, Marva. Yana cikin kwantiraginsa, shafi guda sukutum."

"To a zana masa da kwamfuta."

Misis Vandermeer ta yi wata 'yar dariya. "Mun gwada a na uku. Shekara guda yara suna yi mana dariya a intanet, wai ciyawa muka shuka masa. A'a."

"To Landan su jira ya sake tsirowa."

"Mako goma sha ɗaya ya ɗauka," in ji Garrett. "Me ke damun ki yau? Kwali ɗaya ne. Matsar da shi."

Kalma biyar a kan ciwon Bledsoe za su isa, kuma da ta faɗe su da tsohon ya rasa shagonsa kafin a tashi taro. Ta koma ofis ta zare 88 ta soke shi a sha shida ga Mayu, sannan ta kwashe kwana biyu tana jawo duk fitowar da babu Ryder a ciki don a samu abin ɗauka kafin ya dawo. Kowa ya yaba mata. Garrett har furanni ya aiko.

Ba ta yarda ta gaya wa Bledsoe ta waya ba. Ran Asabar da hantsi ta tuƙa mota har gidansa a Decatur, ta same shi a baranda da rubutun fim ɗin a cinya, garin furen itatuwa ya mayar da motarsa rawaya kamar kowace mota a unguwar. Ya saurare ta har ta gama.

"Sha shida ga Mayu," ya ce. "Wata guda ke nan da 'yan kwanaki."

"Ba don ka lissafa na zo ba. Na zo in ce ka je ranar sha huɗu yadda kuka yi da likita. Na yi kuskure da na rubuta maka. Ban isa in rubuta ba, ba wanda ya isa."

"Wannan karon ta tabbata?"

"Ban sani ba! Wallahi ban sani ba, Mista Bledsoe. Abin da nake gaya maka ke nan."

"To ai ba ki ce ba ta tabbata ba."

Haushi ya kama ta, irin haushin da tsoro ke kawowa. Ta ce masa in bai kira likita a gabanta ba, Litinin da safe za ta shiga ofishin Garrett ta fasa komai. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, bai ɗaga murya ba.

"Ki shiga. Sai in rasa murya, in rasa aski, in kuma san wanda ya yi mini. 'Yata ma ban gaya mata na ɗaga ba, ke kaɗai na amince wa. Ki sha shayi kafin ki tafi, akwai ƙanƙara a ciki."

Litinin ta zo ta wuce, ba ta shiga ofishin Garrett ba. Ta gaya wa kanta cewa rayuwarsa ce, babba ne, ya san abin da yake yi. Ta san kuma cewa da ba ta karɓi biron nan ba, da tuni an yi aikin an gama, yana gida yana jin haushin duniya da ransa da lafiyarsa. Abin ya tsaya mata a rai, abinci ma ya daina yi mata daɗi.

Saura mako guda Ryder ya dawo aka sake kiran taro. An nuna wa 'yan kallo ɗari uku abin da aka haɗa na Inuwa Biyu a wani sinima, aka raba musu katin tambayoyi, yawancinsu suka rubuta cewa Ƙahon Tagulla ya yi kaɗan a ciki. To, za a ƙara masa faɗa guda, a kan gada. Mako uku. Wannan karon Marva ba ta yi gardama ba. Ta soke 88 a shida ga Yuni, kuma maimakon ta tuƙa zuwa Decatur, sai ta bar sanarwar ta tafi ta imel tare da ta kowa, mai farawa da "Muna farin cikin sanar da ku."

Da yamma wayarta ta yi ƙara, sunan Bledsoe ya fito. Ta zuba mata ido har ta katse. Washegari ya sake kira, bayan kwana biyu ya sake. Kowane kira yana barin saƙon murya, ita kuma ba ta buɗe ko ɗaya ba. Ba aiki ne ya yi mata yawa ba. Tsoro take ji ta ɗauka ya tambaye ta ko ta tabbata, ta fi jin tsoro kuma ta ji yadda muryar ta koma.

Shida ga Yuni ta zo, kuma abin haushi, ba wanda ya taɓa ta. An gina shagon askin a babban ɗaki na shida, da madubinsa mai tsatsa da kalandar da ta wuce shekara. Marva ba ta saba zuwa wurin ɗauka ba, amma ranar tun ƙarfe bakwai tana tsaye bayan kyamara. Da Bledsoe ya fito daga wurin masu kaya, da ƙyar ta gane shi. Sun rage masa farar rigar askin da allurai ta baya, sun naɗa masa ƙyalle a wuya. Ya hango ta ya ɗaga mata hannu, ba alamar fushi.

Ryder ya taso da gemunsa har ƙirji ya rungume shi. Yaro ne mai kirki, sai dai tunani bai cika damunsa ba.

"Kawu! Dubi yadda ka zube! Wane tsarin abinci kake bi? Don Allah ka ba ni sirrin, mai horar da ni zai kashe ni da dafaffen ƙwai."

Bledsoe ya dafa kafaɗarsa ya nuna masa kujera. Ya riga ya gaya wa darakta cewa yana tanadin murya, ba zai yi gwaji da baki ba, sai an kunna kyamara.

Aka yi tsit. Aka kunna.

Marva ta ga 'yan wasa da yawa, manya da waɗanda ake kira manya, amma ba ta taɓa ganin abin da ta gani a minti bakwai ɗin nan ba. Hannunsa bai yi rawa ko sau ɗaya ba. Ya rage gemun da almakashi, ya shafa kumfa, ya wasa aska a jikin fata, yana magana kamar wanda ya shekara hamsin yana jiran wanda zai gaya wa. A shafin farko muryar tana nan, ta dushe amma tana nan. A na biyu ta fara tsinkewa. Daga na uku sai leɓe ke motsi, iska na fita, shi kuwa bai tsaya ba, bai rage gudu ba, ya kai har kalmar ƙarshe ya goge fuskar yaron da tawul ya juya shi ga madubi. Hawaye na gaske ne a idon Ryder.

"Yanke!" in ji darakta, shi ma yana share ido. "Kun ga yadda ya sassauta murya a ƙarshe? Kun gani? Ban ce masa ya yi ba fa!"

Aka yi ta tafi, masu shara suka zo suka share gemun daga ƙasa. Marva ba ta tafa ba, tana kallon Lucius Pettway, mai ɗaukar sauti, wanda ya zare abin kunnensa ya ajiye a hankali. Ya yafito Garrett, ita ma ta matsa.

"Shafin farko zan iya gyarawa," in ji Lucius. "Sauran babu. Ƙarar askar ta fi muryar. Na ɗaga har ƙarshe, iska kawai nake ji."

Ko a jikin Garrett. "Hoton ya yi, shi ne mai wuya. Mura ce ta kama tsohon. In an gama haɗa fim sai ya shiga ɗaki ya ɗora muryar a kai, kamar kowa. Marva, sa masa rana a Satumba."

Ta sami Bledsoe a tirelarsa, motar da aka ware masa ta hutawa, zaune da rigar askin bai ko cire ba. Da ta shigo sai ya jawo ƙaramin littafi ya yi rubutu ya juyo mata. Litinin ƙarfe takwas za a shiga da shi tiyata. Ya sake rubutu. Likita ya ce abin ya sauka ƙasa da inda yake a Maris, za su yi iya ƙoƙarinsu. Ya ɗaga kafaɗa, ya buɗe sabon shafi, ya rubuta kalma biyu da manyan baƙaƙe.

An samu?

Ta kalli takardar, ta kalli fuskarsa. Gaskiya tana bakinta, kuma ba ta da amfanin komai, don ko a daren aka buɗe masa ɗakin ɗora murya babu abin da zai zuba a ciki.

"An samu," ta ce. "Duka. Lucius ya ce bai taɓa jin irinsa ba."

Ya lumshe ido ya jingina da kujera. Can ya sake jawo littafin ya rubuta: To ba a yi asara ba. Ta riƙe hannunsa na ɗan lokaci, sannan ta fita ta zauna a motarta ta yi kuka har gilashi ya yi gumi.

Litinin da safe ta shiga ofishin Garrett, wata uku a makare. Lucius yana ciki, sun baje takardu. Ta faɗi komai a tsaye, tun daga jakar kaza. Garrett ya yi fari fat, ya zagi iska, ya tambaye ta ko ta san abin da lauyoyi za su yi da su in maganar ta fita. Lucius ne ya yi maganar, a hankali, ba da niyyar cin fuska ba.

"Mis Marva, tun Maris kika sani?"

"Tun Maris."

"To me ya hana ki turo mini shi? Ba sai kowa ya ji ba. Awa ɗaya a ɗakina, ya karanta shafi huɗun nan sau uku, in ajiye. Yau da sai mu ɗora a kan hoton. Ya je a yi masa aikinsa ma tun lokacin, ya dawo ya yi askin da leɓe kawai."

A shekara ashirin da bakwai, kowane jadawalin da ta taɓa ginawa haka yake tafiya: a ɗauki hoto, a haɗa, sannan a ɗora murya. Ɗora murya a ƙarshen allo yake, can wajen wata na tara, kuma ba ta taɓa ganinsa a wani wurin ba. Ta juya kwalaye ɗari da arba'in ta kowace fuska don ta ceci tsohon nan, ta yi faɗa da Los Angeles a kan gam da ciyawa, amma ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba cewa murya tana iya riga hoto. Shi ma Bledsoe bai zo masa ba. A gidan suka tsufa su biyun.

Garrett ya numfasa ya jawo wayarsa. Ya ce akwai wani mutum a Nashville mai kwaikwayon muryoyi, sun taɓa aiki da shi lokacin da wani ɗan wasa ya rasu ana tsakar haɗa fim. Ya tura mata lambar, ya ce ta kira yau.

Ta kira daga ofis. Mutumin yana da fara'a, ya ce ai ya san mai askin nan, yaransa suna son sa.

"Amma fa, 'yar'uwa, abin da ya faɗa a finafinan bai taka kara ya karya ba. Zauna ɗana, zauna ɗana. Ba zan iya gina shafi huɗu a kan wannan ba. Ina bukatar in ji shi yana hira, yadda yake jan numfashi, yadda yake sauke magana. Ba ku da wani abu mai ɗan tsawo? Ko saƙon waya ne."

Ta ce za ta duba. Ta ajiye wayar ofis ta ɗauki tata. Saƙo tara ne, ba ta buɗe ko ɗaya ba. Ta danna na farko, na ran biyar ga Mayu.

Muryar ta cika ofishin. Ta ɗan dushe, amma ita ce, da nauyinta.

"Mis Marva, Bledsoe ne. Na ga saƙonku na farin ciki. Ba faɗa na kira in yi ba, na san ba ke kika ɗaga ba. Abin da ya sa na kira, yau na tashi muryar ta yi kyau, rabon da ta yi haka an kwana biyu. Na ce bari in karanta miki shafi huɗun nan, ko da ke kaɗai ce ki ji su yadda ya kamata, don ban san yadda Yuni za ta same ni ba. Ba na son karanta wa inji. Ki kira ni, ƙanwata, ina gida duk yini."

Saƙon ya ƙare, wayar ta tambaye ta ko tana so ta ji na biyu. Ta ɗaga kai ta duba agogon bango. Sha ɗaya saura kwata, kusan awa uku ke nan da shiga da shi tiyata.